RANAR DA KWAMFUTA TA ƘI BUƊE LITTAFIN BABA

Yau zan ɗan jingine ƙagaggen labari in ba ku na gaske, wanda ya faru da ni a ɗakina da ke Dogarawa cikin hunturun shekarar 2019. Na daɗe ina son rubuta shi kunya ta hana ni, domin in aka bi diddigi fiye da rabin laifin nawa ne. To amma na lura da yawa daga cikinmu marubuta a tsohuwar kwamfuta muke tara wahalarmu ta shekara da shekaru, muna kwana muna tashi ba mu taɓa tambayar lafiyarta ba. Shi ya sa na ga gara in faɗa, ko Allah Ya sa wani ya tsira.

Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ma'aikacin reluwe ne. Ya yi shekara talatin da 'yan kai a tashar Zariya, aikinsa kuwa shi ne duba ƙafafun taragai. In jirgi ya tsaya sai ya bi shi da doguwar guduma, yana ƙwanƙwasa kowace ƙafa yana kasa kunne. Lafiyayyar ƙafa amo take yi kamar ƙararrawa, wadda ta tsage kuwa sai ka ji ƙararta ta mutu kamar an bugi fasasshiyar ƙwarya. Da yake Zariya mahaɗa ce, aiki bai taɓa yi masa kaɗan ba. Ga hanyar da ta isa Kano a 1911, ga reshen Ƙauran Namoda da aka kammala a 1929, ga kuma labarin ƙaramin jirgin Jos da aka rufe hanyarsa a 1957, wanda Baba ya gani da idonsa yana yaro. In ya fara ba da labarin waɗannan wurare sai dai barci ya raba mu.

A 2008 na ce masa ina so in rubuta labarin nan. Ya yi dariya ya ce wa zai karanta tarihin mai guduma, amma dai ya yarda. Da daddare in zauna gabansa da biro da littafi, yana faɗa ina rubutawa, in an kwana biyu in kai wani shagon buga takardu a Sabon Gari a buga mini. Haka muka yi babi huɗu. Daga baya na mallaki wayar da ke ɗaukar murya, na kuma sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, irin wadda muke kira 'yar Beljiyom. Sai aikin ya sauya, in ɗauki muryarsa a waya, in juye a kwamfuta, in goge daga wayar don a sami wuri, sannan in zauna ina saurare ina bugawa da kaina. Kafin rasuwarsa na tara murya 43, na kuma kai littafin babi goma sha ɗaya.

Wataƙila mai karatu ya ce me ya haɗa malamin makaranta irina da Linux. Bairos ne ya haɗa mu. Duk wanda ya yi zirga-zirga da filash tsakanin shagunan buga takardu ya san cutar nan da ke ɓoye maka foldoji ta bar maka inuwarsu. Sau biyu ana wanke mini kwamfuta saboda ita. Wani abokina a Samaru ya ce in gwada Ubuntu, ya nuna mini faifan da aka taɓa aiko masa ta gidan waya kyauta, domin kamfanin Canonical ya yi ta rabon faya-fayan nan ga duk wanda ya nema har zuwa 2011. Shi ya ba ni labarin cewa wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya fara rubuta zuciyar Linux a 1991, shi kuma Ubuntu wani ɗan Afirka ta Kudu mai suna Mark Shuttleworth ne ya kafa shi, ya fara fitowa a watan Oktoba na 2004. Ya ɗora mini, na koyi rubutu da LibreOffice Writer, bairos kuwa tun daga ranar muka yi sallama. A nan ne na yi kuskuren farko. Da na ga na rabu da bairos sai na ɗauka na rabu da kowace irin asara, na daina kwafar aikina zuwa ko'ina.

Baba ya rasu ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah ta 2019. Inna ta shiga takaba, ni kuma na ɗauki al'adar zuwa wurinta duk daren Juma'a in karanta mata shafi biyu ko uku daga littafin, tunda ita ba ta yi boko ba. Wani lokaci ta gyara mini sunan wani gari, wani lokaci ta yi shiru har in gama. Rannan na yi mata alƙawarin ranar da za ta fita takaba zan miƙa mata littafin a buge, da bango, ta ajiye a ɗakinta ko da ba za ta iya karantawa ba. Wata huɗu da kwana goma zai cika a tsakiyar Disamba.

Saura kwana tara abin ya faru. Na idar da sallar isha'i, an kawo wuta, na jona kwamfuta domin batirinta ya daɗe da mutuwa, in aka ɗauke wuta ita ma nan take take ɗaukewa. Na latsa littafin. Shafin farko ya fito, na ga sunan Baba a sama, ban kai ga ɗora hannu a kan madannai ba sai kawai Writer ta ɓace ɓat, kamar an hure fitila. Na sake latsawa. Wani akwati ya fito yana cewa zai ceto takardar da ta rufe ba shiri, na ce bismillah, ya nuna ya gama, littafin ya buɗe, bayan daƙiƙa uku ko huɗu ya sake ɓacewa. Na kashe kwamfutar na kunna. Haka. Na cire caja na mayar. Haka. Na hure ƙurar da ke jikin fankarta, har da karkata ta gefe kamar rediyon da ya ƙi kama tasha. Wallahi a daren nan na buɗe littafin ya fi sau ashirin, kowane karo ina fatan abin zai gaji ya bari. Maiɗakina ta leƙo ta ce, "Malam, ka kwanta mana, da safe ka kai a duba." Na kwanta, amma idona biyu har aka kira assalatu.

Gari na wayewa na hau a-daidaita-sahu zuwa Kwangila, daga nan na wuce Sabon Gari wajen wani mai gyara. Yaro ne mai kirki, ya taɓa canza mini madannai. Yana kunna ta ya ga fuskar da bai saba gani ba, sai ya ɗago kai ya ce, "Malam, wannan ai ba Windows ba ce." Na ce na sani. Ya buɗe littafin sau biyu, ya ga abin da na gani, ya ce, "Gaskiya manhajar ce ta lalace. Ka bar ta a yi mata fomatin a sa Windows, zuwa la'asar ka zo ka ɗauka. Takardunka zan kwashe maka su." Ban ga laifinsa ba, mutum biyar ne a kan benci suna jiransa, kuma fomatin ita ce hanyar da ta fi sauri. Har na sa hannu a aljihu, sai na tambaye shi, to me ya lalata ta? Ya ce, "Haka suke yi." Wannan amsa ce ta tsaya mini a rai. Na tuna Baba bai yarda da kalmar "haka yake yi" ba, ko kekena ne ya fara ƙara sai ya sa na juya shi ƙafa sama mun gano daga inda take fitowa, yana cewa ruwa ba ya tsami banza. Na ba yaron haƙuri na ɗauki kayata.

A bakin titi na tuna da 'yar yayata da ke karatun kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello. Sunan Inna ta ci, don haka ba na kama sunanta, Ummi nake ce mata. Na kira ta na zayyana mata komai. Tambayarta ta farko ita ce, "Kawu, ka kwafi littafin zuwa wani wuri?" Na ce a'a. Ta ce, "To don Allah kada ka sake kunna ta. Ka taho Samaru, ƙarfe biyu zan fito daga lacca." Na koma Kwangila na shiga bas, muka bi ta Palladan muka wuce Kwalejin Jiragen Sama, kwamfutar tana kan cinyata ina riƙe da ita kamar mai kai jinjiri asibiti.

Muka sami wani aji da ba kowa, mai soket a bango. Ummi ta kunna kwamfutar, ba ta ko kalli Writer ba, ta soka filash ɗinta ta kwafe littafin. Ya kwafu lafiya. Ta cire ta soka a tata kwamfutar, wadda ita ma Linux ce a kai, ta buɗe. Na riƙe numfashi ina ƙirga daƙiƙa. Biyar, goma, ashirin, littafin yana nan bai motsa ba. Ta gangara har babi na goma sha ɗaya, komai na nan. Abu ɗaya ne ya sauya, a babi huɗun farko duk inda ƙ take sai ka ga }, inda ɗ take sai ka ga ], inda ɓ take sai ka ga ~. "Ƙarfe ɗaya" da makamantansu duk sun koma wasu ƙugiyoyi. Wanda ya taɓa karɓar rubutun Hausa daga wata kwamfuta a shekarun baya ya san wannan ciwo.

Ni dai ban damu da ƙugiyoyi ba. Na yi hamdala, na ce Ummi Allah Ya yi miki albarka, tashi mu je a buga. Ta ce, "Kawu, littafin ya tsira, amma ba mu san abin da ya kayar da Writer ba. In ba mu sani ba, ba mu san me kuma zai kayar gobe ba. Ka ba ni awa ɗaya." Na so in yi gardama, ga yunwa ga gajiya, amma na ga ai dalilin da ya hana ni barin ta a Sabon Gari ke nan. Na koma na zauna.

Abin da ta yi daga nan shi ne ainihin abin da nake so mai karatu ya riƙe, domin ba wani tsafi a ciki. Ta ɗauki takarda ta rubuta waɗanda ake tuhuma: littafin kansa, saitin Writer, manhajar Writer, sai kuma jikin kwamfutar. Ta ce za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma ba za mu taɓa abu biyu a lokaci guda ba, don in aka canza abu biyu ciwo ya tafi ba za a san wanne ne maganin ba. Littafin ta riga ta wanke shi tunda ya buɗe a wata kwamfutar. Don ta ƙara kwantar mini da hankali ta nuna mini cewa fayil ɗin .odt ƙunshi ne kawai irin na zip, in ka kwance shi za ka tarar da wani fayil mai suna content.xml, a ciki rubutunka yake. Ta kwance ta buɗe, sai ga maganar Baba tsamo-tsamo a tsakanin alamomi, yana ba da labarin ranar da ya fara aiki. Ta ce ko da duk manhajojin duniya za su ƙi buɗe shi, daga nan ana iya tsamo kalmomin.

Na biyu, saitin Writer. Ta ce kowane mai amfani da LibreOffice yana da wata ɓoyayyar folda a gidansa, .config/libreoffice/4/user, inda manhajar ke ajiye zaɓe-zaɓensa, kuma in wuta ta ɗauke tana cikin rubutu a wurin, fayil na iya lalacewa ya riƙa kayar da ita. Da yake kwamfutata ba batir, wannan shi ne babban wanda muke zargi. Ba ta goge foldar ba, suna kawai ta canza mata, ta ce in ba ita ba ce sai mu mayar da ita yadda take. Writer ta buɗe sabuwa fil kamar yau aka ɗora ta. Muka buɗe littafin, daƙiƙa huɗu ya ɓace. Ta ja layi a kan na biyu, ta mayar wa foldar sunanta. Ta ce akwai ma hanya mafi sauƙi tun daga LibreOffice 5.3 da ta fito a 2017, wato ka rubuta soffice --safe-mode, manhajar ta tashi ba tare da saitinka ba.

Na uku, manhajar kanta. Ta buɗe wata wasiƙa da na rubuta wa hedimasta, ta buɗe lafiya. Ta buɗe jarrabawar 'yan aji uku, lafiya. Ta buɗe wani gajeren labarina mai shafi sittin, shi ma lafiya. Ta ce to ka gani Kawu, littafin lafiyarsa ƙalau a wata kwamfutar, Writer kuma lafiyarta ƙalau da wasu takardun, sai sun haɗu a wannan kwamfutar ake faɗuwa. Ke nan akwai abin da littafin nan kaɗai yake nema, wanda yake nan amma babu shi a tawa. Tana faɗar haka sai muka dubi juna, domin mun riga mun ga abin da babu a tata. Ƙugiyoyin nan ne suka tona shi.

Bari in ɗan yi bayani ga wanda bai riski zamanin ba. Lokacin da kwamfuta ta shigo ƙasar Hausa ba ta san haruffanmu masu lanƙwasa ba. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da samfurin haruffa, wato font, masu ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ, abin da ya taimaki mawallafa ƙwarai. Dabarar irin waɗannan haruffa ita ce a ari gurbin wasu alamomin da Hausa ba ta cika buƙata ba a zana namu a kai. A cikin fayil } ce a rubuce, font ɗin ne ke sa ta fito maka a matsayin ƙ, in babu shi sai asalin alamar ta bayyana. Daga baya tsarin Unicode ya game duniya, wanda ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, ƙ tana da U+0199, ɗ tana da U+0257, ɓ tana da U+0253. Babi huɗun da aka buga mini a shago da wani tsohon font irin wancan aka yi su, na karɓo shi a filash na zuba a kwamfutata, sauran babi bakwai kuwa da Unicode na buga su. Duk cikin takarduna littafin Baba ne kaɗai ke kiran wannan font.

Ummi ta gwada zargin. Ta buɗe farar takarda ba komai a kai, ta janyo jerin sunayen font tana gangarawa a hankali. Da yake Writer tana zana kowane suna da irin harafinsa, muna isowa kan tsohon font ɗin sai ta ɓace. Ba littafi, ba komai. Na ce alhamdu lillahi an kama ɓarawo, a goge shi mu tafi. Ta ce, "Kawu, shekara nawa kana aiki da font ɗin nan?" Na ce ya fi biyar a wannan kwamfutar. Ta ce, "To me ya same shi jiya?"

A nan ta buɗe baƙin allon nan da ake kira Terminal, wanda ni a da ko kallonsa ba na son yi. Ta ce manhaja in za ta faɗi takan yi magana, sai dai in da linzami ka buɗe ta ba ka jin abin da ta ce, amma in daga nan ka kira ta, a nan za ta bar wasiyyarta. Ta rubuta soffice --writer, ta buɗe littafin, ya faɗi, sai ga rubutu ya zubo. Layin farko ya ce Fatal exception: Signal 7, a ƙasa kuma cikin jerin sunaye akwai libfreetype, wato ɓangaren da ke zana haruffa. Ta ce yawancin faɗuwar manhaja sigina ta 11 ce, wadda ke nufin manhajar ta kai hannu inda ba nata ba a cikin ƙwaƙwalwa, sau da yawa kuskuren masu rubuta ta ne. Ta 7 kuwa daban take. Writer ba ta kwashe fayil ɗin font ta riƙe a hannu, tana barinsa a faifan ajiya ne tana leƙawa duk sanda za ta zana harafi. In ta leƙa faifan ya kasa ba ta abin da ta nema, sai babbar manhaja ta aiko mata da sigina ta 7, ita kuma ta faɗi.

Na ga fuskarta ta canza. Ta yi ƙoƙarin kwafar fayil ɗin font ɗin zuwa filash, kwamfutar ta yi jim, sannan ta ce Input/output error. Ta rubuta dmesg, wato littafin da zuciyar Linux ke rubuta duk abin da ya same ta tun daga kunnawa, sai ga layuka jajaye suna maimaita I/O error, dev sda, kowanne da lambar gurbin da ya ƙi karantuwa. Ta buɗe wata manhaja mai suna Disks ta duba rahoton da faifan ke bayarwa game da lafiyar kansa, wanda ake kira SMART, ya nuna akwai gurabe da dama da suka lalace. Ta ce, "Kawu, font ɗin ba shi da laifi, Writer ma ba ta da laifi. Had-dis ɗinka ne yake mutuwa. Wurin da font ɗin yake zaune ne ya fara ruɓewa. Me kuma kake da shi a ciki wanda babu a wani wuri?"

Sai a lokacin gabana ya faɗi da gaske. Muryar Baba. Tun jiya hankalina na kan littafin, ban ko tuna da muryoyi 43 da ke cikin wata folda ba, waɗanda na goge daga waya da hannuna.

Ta yi mini bayani tana aiki. Irin wannan faifan wani faranti ne ke juyawa a ciki, a yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka sau 5,400 a minti ɗaya, da wata 'yar allura da ke shawagi a kansa ba ta taɓa shi. Girgiza, da faɗuwa, da ɗaukewar wuta ba shiri, da tsufa, duk suna cin sa a hankali. Na tuna sau nawa na rufe murfinta tana kunne na jefa a jaka na hau babur, sau nawa wuta ta ɗauke tana tsakiyar aiki, na tuna kuma buɗewa ashirin da na yi mata daren jiya. Ummi ta kashe ta, ta tashe ta daga wani filash mai ɗauke da Ubuntu don kada a ƙara rubuta komai a kan faifan, ta ce za mu fara da abin da ya fi tsada. Muka fara kwasar muryoyin ɗaya bayan ɗaya. Guda 41 suka fito lafiya. Biyu suka ƙi.

Ta sa musu wata manhaja mai suna ddrescue, wadda ke kwashe wuraren da ke karantuwa tukuna, sannan ta dawo tana lallaɓa waɗanda suka ƙi. Muka yi la'asar, muka yi magariba a masallacin kusa, tana ta fama. Ɗaya ta fito cikakkiya. Ɗayar kuwa ta fito da rami a tsakiya, minti shida na farko suna nan, daga nan sai tsalle, sai ƙarshen inda yake cewa in kashe haka nan ya gaji. Ita ce muryar da na ɗauka a azumin 2019, ta kusa da ƙarshe, kuma ban riga na buga ta a littafin ba. Yana ba da labarin wata tafiya Ƙauran Namoda da damina, ya kai inda ya ƙwanƙwasa wata ƙafa ya ji ƙarar da bai yarda da ita ba, direba kuma yana gaggawa. Abin da ya biyo baya ya tafi. Na san ya faɗa mini, ina zaune a gabansa, amma na dogara da waya ban riƙe da kyau ba. Na tambayi Inna daga baya, ta ce ta tuna ya taɓa kwana biyu a hanya har ta aika a tambayo a tasha, iyakar abin da ta sani ke nan.

Sauran aikin bai da wuya. Washegari na sayi sabon faifai irin na SSD, wanda ba abin da ke juyawa a cikinsa, na koma wurin yaron nan na Sabon Gari ya sa mini, na kuma ba shi labarin abin da muka gano, ya ce shi ma ya ƙaru. Ummi ta ɗora Ubuntu 18.04 sabuwa. Babi huɗun nan muka bi su da nemo-ka-musanya, } ta koma ƙ, ] ta koma ɗ, ~ ta koma ɓ, haka ma manyan baƙaƙen, muka mayar da littafin gaba ɗaya kan font ɗin DejaVu da ke da haruffanmu. Ta kuma nuna mini cewa a cikin saitin madannai akwai tsarin Hausa na Nijeriya, ba sai na riƙa kwafo harafi ina liƙawa ba kamar yadda na saba. Ranar da Inna ta fita takaba na miƙa mata littafin, shafi 214 da koren bango. Ta shafa shi ta juya, ta sa a ƙarƙashin matashinta. A babi na ƙarshe na rubuta labarin Ƙauran Namoda har inda muryar ta tsaya, na bar shi a haka, ban ƙara ko kalma ɗaya daga kaina ba.

Nakan yi tunanin da na bar ta an yi fomatin. Mai yiwuwa yaron ya kwashe littafin lafiya, a ɗora sabuwar manhaja a kan faifan da ke mutuwa, komai ya yi kamar ya gyaru, in tafi ina godiya. Muryoyin kuwa ban ma ambata masa su ba, kuma ba a foldar takardu suke ba. Da na tsaya a inda littafin ya buɗe a kwamfutar Ummi, ko a inda muka kama font, nan ma da na koma gida da faifan da ya rage masa 'yan kwanaki. Sau uku ina cewa a tashi an gama, sau uku yarinyar nan tana cewa saura tambaya ɗaya.

Don haka 'yan'uwa marubuta, in manhaja ta fara rufe kanta, kada ku yi ta buɗewa kamar yadda na yi. Ku fara kwafe aikinku zuwa wani wuri. Ku gwada shi a wata kwamfutar, ku gwada wata takardar a taku, ku canza abu ɗaya ku duba kafin ku taɓa na biyu. In Linux ce, ku kira manhajar daga Terminal ku karanta abin da ta ce, ko ba ku gane ba ku ɗauki hotonsa ku nuna wa wanda ya sani. In kuma abu ya yi shekaru yana aiki ya tsaya rana ɗaya, ku tambayi abin da ya canza. Ni yanzu duk ranar Juma'a kafin in tafi masallaci nakan kwafe rubutuna a filash biyu, ɗaya a gidana ɗaya a ɗakin Inna, in kuma aika wa kaina ta imel. Muryoyin Baba suna wurin mutum huɗu cikin 'ya'yansa.

Gudumarsa tana nan a bayan ƙofar Inna, ƙotar ta yi santsi saboda riƙo. Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya jiƙan namu da naku baki ɗaya, ita kuma Ummi Allah Ya ba ta miji nagari da ilimi mai amfani.